Akwatin Wawa

Ɗakin da ke ƙuryar gidanmu a Aboabo,
inda Inna ke tara gawayi da kwanonin da suka gaji,
na share shi ran Asabar.
Na auna da ƙafa: taku bakwai, taku biyar.
Na ce, nan ne.

Sirina ta leƙo da ludayi a hannu.
"Sinima? Da kuɗin wa?"
Na ce, da sidi ɗari takwas
da abin da ya rage na haƙurinki.

A Suame na tsuguna gaban gawar wata mota,
na zare sifiku biyu daga ƙofofinta,
ɗaya lafiya lau, ɗaya da tsaga a leɓe.
Yaron ya rantse da kabarin kakansa,
duk da haka na rage talatin.
Tsagar kuwa, gam da ƙyallen hankici suka rufa mata asiri.

Katako sai wurin Efo Kudzo.
Ya dubi takalmina, ya ce maɗaci ba na aljihuna ba ne.
"Ɗauki wannan, ba nauyi. Wawa ake kiransa."
Na yi dariya har zarto ya tsaya.
Bai san me sunan ke nufi a bakinmu ba,
ni ma ban fassara ba.
Wawa ya ɗauki wawa a ka, suka nemi mota.

Akwatin farko ya yi kuka kamar akuya a rijiya.
Na biyu na zarce da yanka, sifikar ta faɗa ciki.
Dalma ta sa mini hannu a babban yatsa,
tabon na nan, ga shi.
Na uku na cusa masa hanjin tsohuwar katifa,
na toshe duk kafar da iska ke satar hanya,
na huda masa hanci da guntun bututun famfo.
Sai ya gyara murya.
Na ji ta a haƙarƙarina kafin kunne ya samu labari.

Kwalin ƙwai ɗari da arba'in daga Gariba mai shayi
na manna a bango,
yara suka ce ɗakin ya yi ƙyanda.
Majigin na hannu ne, fankarsa na tari.
Allo kuwa farin zanin gadon aurenmu,
Sirina ta miƙo shi tana kallon wani wuri.

Daren farko, muna zama aka ɗauke wuta.
Muka ci gyaɗa a duhu,
kowa na riƙe dariyarsa saboda ni.

Dare na biyu Baba ya shigo.
Shekara arba'in yana bugun jikin mota,
guduma ta cinye kunnuwansa biyu,
kiran salla ma sai ya ga sahu ya miƙe.
Shi ne mai ba mu labarin sinimar zamaninsu,
yadda suke tsintar kwalabe su haɗa kuɗin ƙofa.
Ya daina labarin tun da ya daina jin tambayoyinmu.
Na zaunar da shi a bencin
da na ɗaure wa babban akwatin a ƙasa.

A allo hadari ya haɗo, wani jirgin ruwa na tangaɗi.
Aradu ta faɗi.
Kwanonin Inna suka amsa daga zaure,
kwali ɗaya ya ɓalle ya sauka a kan Mutawakilu.
Baba ya ɗora tafinsa a kan katakon.
Bai ɗauke ba.
Na ga tsikar hannunsa ta tashi.

"Ƙara,"
ya ce, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa.

Wofa Boakye na dukan bango ta can gefe.
Gobe zan kai masa haƙuri da goron gayyata.
Na ƙara.

Sirina na bakin ƙofa, ludayin na ɗiga a ƙafarta,
Baba take kallo, ba allo ba.
Miya ta kama a daren nan.
Haka muka sha ta, har da neman ƙari.