Robar da Ta Maƙale

Ranar da oga Mufutau ya miƙo min sifana
bai ce uffan ba, da haɓa ya nuna min mota:
danfon Sallau, mai jigilar Agege zuwa Oshodi,
ta sha go-sulo har numfashinta ya yi tsami.
Wata bakwai ina wanke notuna a kananzir,
yau ni ne mai juye.

Na shimfiɗa kwali a kan laka,
don ruwan daren jiya bai gama tafiya ba.
Na shige ƙarƙashinta da baya,
cikinta na huro min zafi a goshi.
Na kwance notin kwano,
baƙin mai ya zubo, ya bi hannu har gwiwa,
mai ɗumi, mai kauri kamar kunun da ya kwana.
Rabin jarka ta tare sauran.

Sai filta.
Ta ce ba inda za ta.
Wanda ya ɗaure ta, da fushin gida ya fito aiki.
Na naɗa mata tsohuwar sarƙar keke, na ja,
na yi bismilla, na sake ja,
ta yi ƙara irin ta ƙyauren shagon da ya daɗe a rufe,
ta faɗo tafina da nauyinta,
ɗauke da dattin wata huɗu na titin Ikko.
Na wurga ta kwandon shara ban ko dube ta ba.

Sabuwar daga Ladipo take, shuɗiya,
Cibuzo ya rantse da shagonsa ba jabu ba ce.
Na tsoma yatsa a sabon mai,
na zagaye robarta yadda na ga ana yi,
na murɗa da hannu, ban sa ƙarfe ba,
har ta zauna, na ɗan ƙara.
Na mayar da noti, na kafa mazurari,
galan guda mai launin zuma ya gangara.
Har na fara share hannu irin na manya.

Sallau ya murɗa makulli.
Ban ƙirga goma ba
mai ya yi tsartuwa, ya wanke taya, ya wanke ni,
jar fitila ta buɗe ido a gaban direba.
"Kashe! Kashe!" in ji oga,
ya ajiye kwanon amalarsa a kan batir.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo,
ya kwance filtar, ya lalubi mazauninta da farce,
ya ɓamɓaro wani baƙin zobe:
robar tsohuwar ce, ta maƙale a jikin inji,
ni kuwa na ɗora sabuwa a kanta.
Ya sa min ita a tafi, ya rufe min yatsu,
ya koma ga amalarsa da ta huce.

Kuɗin galan na biyu daga na abincina ya fita,
mako uku ina jiƙa gari da ruwan leda.
Sallau har yau in ya wuce sai ya danna ham,
yana kira na Mai Wanka.

Zoben na nan a igiyar makullin ɗakina,
ya bushe, ya tsage a gefe guda.
Yanzu duk filtar da ta sauko hannuna
sai na juya ta na leƙa fuskarta,
in ban ga roba ba, in koma ƙarƙashi.
Jiya yaron da aka kawo mana daga Gumel
ya tambaye ni me nake nema a cikin shara.