Tari a Minti na Tara

A Kanazawa, bayan kasuwar kifi,
hawa na biyu, ɗakin da Tsuruoka ya lulluɓe bangonsa da ulu,
garmaho uku ke zaune kamar manyan baƙi.
Ni ce mai ɗora allura.
Shekara shida ke nan, hannuna bai taɓa rawa ba.

Na farko yen miliyan huɗu,
baƙin katako da tagulla, ƙirar Jamus.
Na biyu miliyan goma sha ɗaya,
farantinsa kan iska yake shawagi, ba ya taɓa komai.
Na uku kuwa, ƙarti huɗu suka hau da shi bene,
sai da aka ƙara ginshiƙi ƙarƙashin daɓe.
Kuɗinsa ba a rubuta shi a takarda.
Tsuruoka yakan raɗa shi a kunne, kamar labarin rasuwa:
miliyan arba'in da biyu.
Ban da allura.

Ran Talata, ana yayyafi, dattijo Hiiragi ya shigo,
tsohon likitan haƙori, lemarsa na ɗiga,
faifai guda a hammata, kwalinsa duk ya cinye a gefe.
Kiɗan piyano ne, an ɗauka a zauren gari
shekara arba'in baya, da jama'a a ciki.
Ya ce, gefe na biyu. Ki bar shi ya kai minti na tara.

Na ɗora a na farko.
Sautin ya zo da ɗumi, kamar kofin shayi a tafin hannu,
ƙasansa da ɗan kauri, samansa ba kaifi.
A minti na tara wani ya yi tari,
can baya, ta hagu, gajere.
Dattijo ya lumshe ido.
Sumie ce, ya ce.
Mura take yi a daren. Na hana ta fita, ta ƙi ji.

Na ɗora a na biyu.
Shirun da ke tsakanin sauti da sauti ya zurfafa,
har na ji kukan kujera,
na ji takalmin makaɗi yana taka feda.
Tarin ya matso kusa.
Dattijo ya karkata kai, ya ɗan haɗa gira.

A na uku bangon ya kau.
Zauren da aka rushe tun ban iya tafiya ba
ya miƙe a gabanmu da rufinsa da sanyinsa.
Ga audugar guduma tana sauka kan waya,
ga numfashin makaɗi kafin ya afka.
Minti bakwai. Takwas.
Sai tarin.

Na namiji ne.
Maƙogwaro mai kauri, mashayin taba,
ko kurma ya ji ya san ba mace ba ce.

A ranar hannuna ya yi rawa wajen ɗaga allura.

Tsuruoka ya murza tafi, yana murmushi.
Ka ji bambanci, ranka ya daɗe?
Na ji.
Wannan ba ya ɓoye komai.
Haka ne, in ji dattijo. Ba ya ɓoyewa.

Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga.
Sannan ya nuna baƙin katako da tagulla,
bai nemi ragi ba ko na yen ɗaya.
Tsuruoka ya bi ni da ido, ya taɓa kunnensa:
tsufa, wai.

Na raka shi ƙasa, na riƙe masa lema.
Masu kifi na wanke tebura, ruwan na bin kwata.
A bakin ƙofa ya tsaya, ya gyara faifan a hammata.
Takan toshe baki da hannun riga, ya ce,
shi ya sa ya fito da kauri.

Na ce, haka ne.
Na ce Juma'a za a kawo masa, da safe.