Sawun Gwanki

Bakan Mantau na rataye a zaurenmu,
tsirkiyarsa ta saki kamar jijiyar tsoho.
Zanzaro ya yi ɗaki a bakin kwarin,
ban rushe ba.
Ko ba komai, shi yana shiga da nama.

Mantau kakana ne.
Daga Gabi yake fita da asuba, ya nufi Baban Rafi
da goran ruwa, da dafin kwankwani, da kare mai kunne ɗaya.
Ya ce a zamaninsa ɓauna kan tare hanya,
sai mai jaki ya jira ta gama tunaninta.
Gwanki kuwa, in ya faɗi,
sai an kira maza shida da sanda biyu,
gari ya kwana da maiƙo a leɓe.

Ni fa?
Ran Litinin na hau kabu-kabu zuwa Maradi,
ofishin gandun daji.
Wani yaro mai koren kaki, sa'an ƙanena,
ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan leda,
sannan ya karanta mini kuɗin takarda.
Na mayar da shi dami: geron damina biyu,
har da bunsurun Tsahara a kai.
Na ce, "To in na biya, me zan harba?"
Ya duba littafi. Ya juya shafi. Ya sake juyawa.
Ya ce, "Zabo. Zomo. In ka yi sa'a, gada."
Muka yi dariya mu biyu,
irin ta zaman makoki in dare ya yi nisa.

Amma bara na ga motoci sun yi arewa,
masu baƙin gilashi, tara a jere,
da shaho mai hula a ka, da firji a baya.
Ban ji an juya musu shafi ba.
Barewa ta san gudun kare, ta san gudun doki,
wa ya koya mata gudun taya huɗu da fitila?

Kudu kuma, dajin da muka gada,
gatari ya ci gefensa, gawayi ya ci cikinsa,
ragowar masu bindiga sun shimfiɗa tabarma.
Yanzu mutum ake farauta can.

Ba zan ɗora wa baƙo duka ba.
Mantau da bakinsa ya faɗa mini, yana jinya:
gwankin ƙarshe da ya kayar mace ce, da ciki.
Ya sani tun kafin ya saki kibiya.
Ya ce shekarar yunwa ce. Ya yi shiru.
Ya ce, ba yunwa kaɗai ba ce.

Jiya ɗana Nomau ya nuna mini giwa a waya,
ba ta kai tafin hannunsa ba.
"Baba, da gaske ta taɓa zuwa nan?"
Na ce haka Mantau ya ce,
shi kuwa ba ya ƙarya sai a kan tsawon maciji.

Na ja shi zuwa gulbi, inda yashi ke da laima.
Na tsuguna, na zana da yatsa biyu:
wannan gwanki ne yana kiwo,
wannan ya shaƙi iska ya zabura,
wannan uwa ce, dubi ƙarami cikin sawunta.
Akuya ta zo ta taka darasin.
Na sake zanawa.

An ce wata rana za a nemi masu karanta ƙasa,
ba don tukunya ba, don ƙirga.
In haka ne, yaro, riƙe wannan:
kibiya akwai ta a kasuwa,
bin sawu ne ba a buga wa hatimi.
In sun dawo, ka ƙirga su.
In sun yi yawa har suka shiga gonar wake,
zo bakin kabarina ka faɗa mini,
sannan ka je ka tambayi kuɗin takarda.

Bakan dai bar shi inda yake.
Zanzaro bai gama gini ba.