Talatar Mumuni Mai Kwalta

Ran Talata teku ba ta karɓar baƙo,
haka masuntan Ankara suka gada.
Sai a jawo kwalekwale bisa yashi,
a kwantar da shi kamar sa ya gaji da huɗa.

Ranar tamu ce.
Tun assalatu muke barin Sabon Zango,
Baba Mumuni da gwangwanin kwalta a gaba,
ni da buhun tsumma da tsohuwar igiya,
mu gangara ta gindin hasumiya
inda hayaƙin banda ke shiga ido ba sallama.

Itacen jirgin, wai sunansa wawa.
Na yi dariya ranar da na fara ji.
Baba ya ce, "Wawa ne mana,
ya baro daji ya zo shan gishiri.
Amma wanda ya fi shi wauta
shi ne mai raina tsaga don ba ta kai farce ba."

Idonsa ya dushe tun bara waccan,
babban yatsa ne ke yi masa gani.
Yana bin gaɓa daga goshi har wutsiya,
inda gungume ya haɗu da katakon sama,
ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.
Lafiyayyen katako gajeriyar amsa gare shi,
mai ciwo shi ke jan magana.

Mu warware igiya, mu murza a cinya,
mu cusa da bakin ƙarfe, guduma na bi,
kwalta na tafasa kan duwatsu uku,
Ata Lamte mai jirgi na zagaye mu
da dokunu da soyayyen kifi a takarda,
yana tambaya ko za a gama kafin la'asar.

Wata Talata tsumma ya ƙare mini,
saura taki guda, tafina ya yi bororo.
Na waiga, ba mai kallo.
Na shafe wurin da kwalta, baƙi ya rufe baƙi,
ya yi sheƙi har ya fi sauran kyau.

Yatsan Baba ya zo nan ya tsaya.
Bai ɗaga murya ba.
"Mutum nawa ke shiga jirgin nan, Isaka?"
Na ce sha huɗu.
"Kira mini sunayensu."
Uku na sani.
"To je ka tambayo."

Na bi rumfa rumfa, na bi masu gyaran taru,
wata tsohuwa ta ba ni biyu, duk jikokinta,
wani yaro ya ba ni ɗaya, ya ce babansa ne.
Da na dawo da sha huɗun a bakina
na tarar ya kankare ƙaryata tas,
ya yage gefen rigarsa yana cusawa.

Ɗakinmu kuwa yoyo yake duk damina.
Inna ta jera kwanoni tana mita:
mai toshe wa teku baki, ga rufinsa kamar rariya.
Shi ko sai ya ce ruwan sama baƙo ne mai kunya,
inda aka ba shi kwano nan yake zama.

Yanzu ni ke riƙe da gwangwanin.
Ban taɓa shiga teku ba, shi ma bai taɓa ba.
Amma duk bugun guduma da suna nake yin sa:
Tete, Oko, Ayite, Ama ƙarami,
kuma ran Laraba ba na iya karyawa
sai na hango goshin jirgin ya dawo.