Injin Mati

Mati ya dawo daga Jado da tari,
da injin da ya ci kuɗin shanu biyu.
Zinariya kuwa, sai labari.
Bayan mun kai shi makwanci
injin ya faɗo a rabona,
don babu mai so.

Yanzu duk Asabar, in na idar da asuba,
ina bin bayan ganuwa daga Ƙofar Guga,
ina lilo da faifansa bisa ƙasa
kamar mai shara ba tsintsiya.
Yara na biye da ni:
Baba Tanimu, yau an dace?

Ya yi ƙara. In durƙusa.
Murfin kwalba.
Ƙusa mai tsatsa, guntun galma,
makullin ɗakin da ya rushe
tun ba a haife ni ba.

Ran nan sai kwabo mai huji.
Na tofa masa yawu, na goge da bakin riga,
sai ga ƙosan Tabawa a bakina,
biyar a kwabo, ni da Mati,
kullum shi ke wawure na biyar.

Delu ta ce kuɗin batir
sun fi abin da nake tonowa.
Gaskiyarta.

Abin da ban gaya mata ba:
in na ɗaura abin kunnen nan,
har yau da warin zufarsa,
kafin ƙarar ta zo
akwai wani shiru
da muke saurare tare.