Takarda Uku daga Saint Odile

Likita ta ɗora yatsa kan tabon da ke kwiɓina.
"Ƙodar hagu babu, na gani a hoto.
Me ya sa suka cire? 'Yarka na da haƙƙin sani."
Na buɗe baki, na rufe.
Shekara arba'in da biyar ina yawo da ɗinkin nan
kamar wasiƙar da ban iya karantawa ba.
Mahaifiyata ce ta sani,
ita kuwa tana kwance a tudun bayan coci
tun shekarar da kogin Monongahela ya daskare.

Na tuƙa mota zuwa asibitin Saint Odile.
Babu Saint Odile.
Inda ɗakin yara yake, wankin mota ake yi,
inda aka yanka ni, wani saurayi ke jera tayoyi.
Bishiyar bakin ƙofa ce kaɗai ta ƙi tashi.

Sai waya.
Ofishin gunduma ya ce wani kamfani ya saya.
Kamfanin ya ce wani ya haɗiye shi.
Na ukun, can wata jiha,
ya zuba mini kiɗa a kunne minti talatin da bakwai,
danna ɗaya, danna huɗu, dakata,
har kofina ya huce, har na manta abin da zan ce.
"Saba'in da tara, yallaɓai?" in ji muryar.
"Lokacin ko uwata ba a yaye ta ba."

Mai tayoyi ne ya tuna da Verna Dombrosky,
wadda ta riƙe makullin ɗakin fayil shekara talatin.
Na same ta gidan tsofaffi, bargo a gwiwa,
tana ɓare lemo da farce ɗaya.
"Ambaliya ta shiga ɗakin ƙasa," in ji ta,
"ta cinye daga A har K.
Sunanka?"
Na ce Sobczak.
Ta miƙo mini ɓarin lemo. "Ruwa bai kai gare ka ba."
Sauran, ta ce, an ɗauke su a fim
an kai wani tsohon ramin haƙar dutse,
inda babu rana, babu ɓera,
garinmu kakaf na kwance cikin akwatuna
da tarinsa da karayarsa da haihuwarsa.

Na cike fom. Na biya dala ashirin da shida.
An ce mako shida; aka yi goma sha ɗaya.

Ambulan ɗin bai kai nauyin ganye ba.
Takarda uku, toka-toka, kamar an wanke su da hayaƙi.
Ta farko: sunana, an ci harafi ɗaya.
Ta biyu: ba daji ba ne, toshewa ce, ba a gadonta.
Nan ya kamata in tsaya.
Abin da aka aike ni ke nan.

Ta uku rubutun hannu ce, ya karkata kamar mai gyangyaɗi:
"Biyu da kwata na dare.
Uban yaro ya zo daga masana'antar ƙarfe, ko wanka bai yi ba.
Ya ba da jini.
Ya roƙa kada a gaya wa uwar.
Yana tsaye bayan gilashi. Biyar da rabi, ya tafi."

Ni da aka ce mini ya fita ina shekara huɗu
bai ko waiwaya ba.
Ni da na ƙi zuwa jana'izarsa,
na yi aski ranar, na je kallon ƙwallo.

Na kira 'yata Jolanta.
Na ce, "Kwantar da hankalinki, ba a gadonsa."
Ta ce, "Shi ke nan abin da ke ciki?"
Na dubi jijiyar wuyan hannuna,
shuɗiya, tana aikinta kamar kullum,
ba ta taɓa ce mini komai ba.
Na ce, "Akwai saura. Ki zo ran Lahadi."