Ƙwallayen Dabino Arba'in da Uku

Ni ce Mahasin mai shayi, ta gindin dalbejiya,
tsallaken titi daga gidan jarida, nan Wad Madani.
Shekara goma sha ɗaya ina hura gawayi,
na san kowa da yawan sukarinsa.

Muzammil cokali ɗaya da rabi, da citta.
Yakan zauna a kujerar nan mai tsagaggen baya,
biro a bayan kunne,
ya ce, "Rubuta min bashi, Inna, sai ƙarshen wata."
Ya san ban iya rubutu ba.
Ƙwallon dabino nake jefawa a gwangwani,
kofi ɗaya, ƙwallo ɗaya.

Ya yi rubutu a kan buhunan alkama
da suka yi ƙafa suka bar sito cikin dare.
Ran Talata mota ta tsaya, ba lamba,
ko injin ba su kashe ba.
Suka ce, da wane hannu kake rubutu?
Ya ɗaga na dama.
Ni da na sha miƙa masa kofi
na san bahago ne.

Kwana tara, manoma suka tsince shi a bakin magudana.
Ashe ba su yarda da amsarsa ba,
duka biyun suka karya.

Sai ga takardu daga birane masu sanyi:
"Muna Allah wadai da kakkausar murya."
Jikana ya karanta min a waya.
Sun ba shi lamba a cikin jeri,
sun ɓata sunan mahaifinsa.
Rigar sulken da suka yi masa alkawari tun damina
ta iso bayan sadakar arba'in.

Amma kada in ci haƙƙin kowa.
Intisar ta ƙungiyarsu ta zo da ƙafarta,
takalminta duk taɓo.
Ƙarfe nawa? Wane launi motar? Su nawa?
Ta rubuta, ta karanta min, na gyara mata wuri biyu.
Ta ce wata rana alƙali zai nemi littafin nan.
Na ce, wace rana?
Ta dubi wajen kogi.

Da za ta tafi ta buɗe jaka
za ta biya masa bashinsa.
Na rufe gwangwanin da tafin hannu.
Na ce a'a, 'yar nan,
bar min shi.
Wanda ake bi bashi ba a manta sunansa.